Bakin Ƙonni a Kasuwar Waƙar Rap

Duk wanda ya zauna a wata fada ta samari a Birnin Ƙonni da dare, zai ji waƙoƙin ClassiQ ko DJ AB suna tashi daga wayoyin hannu. Da wuya ya ji muryar ɗan Malbaza ko ɗan Illela ta Adar, alhali ba a rasa masu rera baiti a waɗannan garuruwa ba. A ganina matsalar ba ta fasaha ba ce, ta kuɗi ce, kuma ta taɓa harshe kai-tsaye.

Matashin Ƙonni da ke son a ji shi ƙofa biyu ce a gabansa. Ta farko tana Yamai, inda rap ɗin Nijar ya yi jijiya a shekarun 1990 da gungu irin su Lakal Kaney, Wass-Wong da Kaidan Gaskiya. A can, masu ɗaukar nauyin situdiyo da dandali galibi ƙungiyoyin agaji ne da kamfanonin sadarwa. Su ke zaɓen jigo: cutar sida, auren wuri, karatun ƴan mata. Jigogi ne masu amfani, ban musa ba. Amma wace ƙungiya za ta biya kuɗin waƙa a kan tsadar hatsi lokacin da aka rufe iyaka a 2023, ko a kan saurayin da ya gama karatu ya koma sayar da fetur a kwalba?

Ƙofa ta biyu tana kudu, bayan iyaka, kuma ta fi faɗi. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta ba rap ɗin Hausa fili mai girma. Sai dai kunnen wannan kasuwa ya saba da Kananci mai gauraye da Ingilishi. Nan ne abin ya shafe mu, mu ɗaliban harshe. Mawaƙin da ya tashi yana cewa "mi" da "shina" da "hwaɗi" sai ya koma "me" da "yana" da "faɗi" da zarar ya tsaya gaban makirufo. Ba wanda ya tilasta masa. Ya dai lura cewa bakin gidansu, idan ya fito a fim ko waƙa, sau da yawa don a yi dariya ake fito da shi.

A gida kuwa waƙa tana yawo ta hannun masu tura waƙoƙi cikin katin waya. Mai turawa ya samu ƴan dalolinsa, mawaƙi ya samu suna kawai, kuma suna ba ya biyan situdiyo.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Madalla, amma wace Hausa? Da gidajen rediyon karkara na yankin Tawa za su ware ko da awa ɗaya a mako ga mawaƙan yankin, da mu ma mun sami abin naɗa da nazari kafin Adarancin samari ya narke cikin Kananci.