An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Wai don Allah wa ya gaya wa kamfanonin nan cewa matsalar mai aiki daga gida ita ce bai iya numfashi ba? Tun 2020 da korona ta kulle mutane, aiki ya tashi daga ofis ya tare a falo da ɗakin kwana, kuma ga da yawanmu bai koma ba har yau. Yanzu ga sabon yayi: shirin kula da lafiyar ma'aikata. A turo maka manhajar koyon natsuwa, a sa gasar wanda ya fi yawan taku a mako, a kira taron Zoom ranar Juma'a da yamma wata baiwar Allah ta ce kowa ya rufe ido ya ja iska ya saki. Kuma dole ka halarta, ana duba sunaye. Ni abin nan ya ishe ni, kai ma na san ya ishe ka.

Duba wanda ake ce wa ya rufe ido. Matashi ne a Kano ko Kaduna, yana yi wa wani kamfani na Legas ko na Turai aiki. An ɗauke wuta tun safe, batirin kwamfutarsa ya yi ja, yana lissafin ko man da ya rage a janareto zai kai shi ƙarshen taron. Ko mace ce da goyo a baya, ta kashe makirfo don kada a ji kukan yaro, tukunya na kan wuta, saƙon oga na shigowa ta WhatsApp a daidai lokacin da ake ce mata ta saki jiki. Ta saki jiki ta yaya?

Da can kamfani ne ke biyan hayar ofis, wuta, intanet, kujera da tebur. Yau duk an sauke wa ma'aikaci, kuma an yi shiru kamar ba a yi ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura dubu. A watan Afrilun 2024 aka ninka wa 'yan rukunin Band A kuɗin wuta fiye da sau uku. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Wane ne ya ƙara mana albashi daidai da wannan? Kuɗin hayar da kamfani ya daina biya, aljihun wa ya shiga? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne munafuncin. Kamfanin da ke cewa ya damu da kwanciyar hankalinka shi ne ya dasa maka manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfutarka, tana ƙirga minti nawa ka yi ba ka taɓa madannai ba. Ka tashi yin sallar La'asar, ka dawo ka tarar an rubuta ba ka kan aiki. Shi ne ke sa taro ƙarfe goma na dare saboda a Amurka rana ce. Shi ne ya ɗauke ka a matsayin ɗan kwangila don ya tsere wa fansho da inshorar lafiya da hutun shekara. Ciwon baya ya kama ka saboda zaman kujerar roba, kai za ka biya asibiti. Sannan a turo maka bidiyon miƙe jiki!

Kuma ba wai ba su sani ba ne. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa gajiyar nan mai cinye mutum daga wurin aiki take tasowa, daga matsin da aka ƙi magancewa. A 2024 wani mai bincike a Jami'ar Oxford, William Fleming, ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya, ya gano waɗanda suka shiga irin waɗannan darussa da manhajoji ba su fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi. To me ya sa ake ci gaba? Saboda manhaja ta fi ɗaukar ƙarin ma'aikaci araha, kuma tana mai da laifin kanka: idan ka gaji, kai ne ba ka iya kula da kanka ba.

Wasu ƙasashen sun kama bakin zaren. Faransa ta ba ma'aikaci 'yancin ƙin amsa saƙon aiki bayan an tashi tun 2017. Fotugal ta hana shugabanni damun ma'aikata bayan lokacin aiki a 2021, Ostareliya ta bi sahu a 2024. Mu nan ko maganar ba a fara ba, ƙungiyoyin ƙwadago kuma kamar ba su san da mu ba, tunda ba a ganin mu a bakin ƙofar ma'aikata.

Ba na faɗa da motsa jiki, kuma wanda ke buƙatar likitan ƙwaƙwalwa a biya masa ya gani, wannan hakki ne. Amma a fara da abin da ke kwantar da mu. A biya kuɗin data da mai. A saya wa mutum kujerar kirki da sola. A yi masa inshora shi da iyalinsa. A rage aikin mutum uku da aka ɗora wa mutum ɗaya. Idan shida ta yi, oga ya ajiye waya har gobe. Kamfanin da ba zai yi waɗannan ba, ya daina cinye mana yammacin Juma'a da darasin numfashi, muna da iyali da ke jiran mu.