An kori dakarun gona, an bar talakka da kwalba

Duk shekara, da zarar hatsi ya fara fidda kai a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuka ɗaya ake ji: ƙwari sun faɗa wa gonaki, a kawo magani. Magabata su yi alkawarin litoci, ƴan kasuwa su cika rumfuna da kwalabe, manomi ya goya famfo ya shiga gona. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: su wa ke tsaron gonakin nan kafin zuwan kwalba, kuma ina suka shiga?

Gona tana da dakarunta tun asali. Shamuwa da balbela suna tsince fara, jemage yana farautar malam-buɗe-littafin dare kafin ya saka ƙwai, gizo-gizo da tururuwa suna kwashe ƙananan tsutsotsi. Albashinsu bai wuce itacen da za su sauka ba, da saurar da za su fake, da furen da za su lasa. Waɗannan kuwa su ne noman matsi ya fara cinyewa. Ƙasar da ba ta kai mutum miliyan 4 ba a 1960 ta zarce miliyan 17 a ƙidayar 2012. Saura ta ƙare a kudancin Maraɗi, an tumɓuke sabara da kalgo don a samu gona mai tsabta irin wadda malaman gona na da suke yabo, kara ma ana kwashe shi kaf bayan girbi. A fadamun Jiratawa, Ƙonni da Galmi kuwa, shuka iri ɗaya ce ke bin wata, ana bin ta da feshi.

Murzuna ta isa misali. Wannan tsutsa da ke sassaƙe zangarniyar hatsi ta zama annoba ne bayan farin 1973 zuwa 1974, kuma a shekarar da ta yi ƙamari takan cinye fiye da rabin amfanin gona. Tana da abokin gaba, wani ɗan ƙaramin rina da masana ke kira Habrobracon hebetor. Macensa takan harbi tsutsar ta shanye mata jiki, ta saka ƙwai a kanta, ƴaƴan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Idan aka yi feshi, tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya, rinan kuwa yana yawo a fili, don haka shi ne ke fara mutuwa. Ƙwarin da suka tsira sukan hayayyafa ba mai tare su, jikokinsu kuma su saba da maganin. Baɗi sai a ƙara murfi ɗaya a famfo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masu kare feshi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: baki ya yi yawa, ƙasa ta gaji, kuma ranar da farin dango suka rufe sama kamar a 1988 da 2004, ba shamuwar da za ta iya da su. Gaskiya ne. Amma ranar annoba daban take da feshin kowane mako a kan kabeji da tumatir. A fagen farar ma, gwajin da aka yi a gabashin Nijar cikin 1996 da 1997 ya nuna cewa maganin da aka haɗa da wani naman gwari yana kashe fara ya bar sauran ƙwari masu amfani. A 2016 kuma, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta lalata tumatir a Kano da Kaduna, manoma sun yi feshi har suka gaji, ta ƙi mutuwa.

Abin takaici shi ne mafita tana cikin gida. Tun 2006 masu bincike na INRAN a Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suke kiwon wannan rina cikin ƴan jakunkunan algarara, ana rataye su a kewayen gari lokacin da hatsi ke fidda kai, rinan ya bazu cikin gonaki da kansa. Sassaben zamani, wanda ya soma a karkarar Maraɗi cikin shekarun 1980, ya maido da itatuwa a kan kadada wajen miliyan 5, kuma binciken da aka yi a Senegal ya nuna cewa inda itatuwa suka yawaita tsuntsaye da jemagu suna rage murzuna. Ilimin yana nan. Illarsa ɗaya: jakar rina ba ta da kamasho, ba a kuma ɗaukar hoton kowa a gabanta.

Ɗan kasuwa ma kada ya ɗauka wannan ba tasa ba ce. A 2015 Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya saboda ragowar sinadarin nan da ake sayarwa a kasuwannin Nijar da sunan piya-piya. Waken Maraɗi da Damagaram ta Najeriya yake fita, kuma duk ranar da sunansa ya ɓaci, mai sito ne zai fara kwana da asara. Ribar kwalba ta kwana ɗaya ce, ribar wake kuwa ta kowace shekara.

Saboda haka aiki yana kan ma'aikatan gwamnati. Tun 1994 akwai kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance maganin ƙwari. Ƴan duwan su riƙe jerin abin da ya amince da shi, su tare saura a iyaka. Ma'aikatar kare tsirrai ta ware wa kiwon rina kuɗi cikin kasafinta na kowace shekara, maimakon jiran furoje na baƙi. Dokar 2020 da ta ba manomi iko kan itacen da ya rena ta fito daga durowa ta isa fadar hakimai. Malamin gona kuma a auna shi da yawan dammunan da gari ya ɗaure, a daina auna shi da litocin da ya raba.