Wanda ya riƙe lissafi, shi ke yanke farashi

Ƴan uwa ƴan kasuwa, maza da mata, maganarmu ta yau ta taso ne daga wani labari na manyan kamfanonin kwamfuta na Amurka. Wanda ya ji shi a rediyo zai ce ina ruwan mai albasa a Galmi da shi, ina ruwan mai sayar da mai da sabulu a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram. To, da ruwanmu, har da tsakinmu. Tun daga shekarar 2023, manhajojin da ke tattara lissafin ciniki suna tace shi sun samu sabbin dubaru, har ta kai mai kamfani yana yi musu tambaya kamar yadda zai tambayi yaron shagonsa, su ba shi amsa nan take. Mu dai ba mu muke riƙe da su ba, amma waɗanda muke ciniki da su domin su aka ƙera su. Ranar da abokin cinikinka ya fi ka sanin kasuwarka, ranar ce ya fara yanke maka farashi.

Bari mu fara da kalmar da ake ta yawo da ita, wato "girgije". Babu komai a sama. Manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci, wuta da sanyi dare da rana, mallakar kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google. Maimakon kamfani ya sayi injuna nasa, sai ya kama haya a can, yana aika bayanansa ta intanet, yana biya gwargwadon abin da ya ajiye da aikin da aka yi masa. Kamar dai Alhajin da bai gina mangaza ba, ya kama hayar ta wani yana biya duk wata. A nahiyarmu, manyan cibiyoyin waɗannan kamfanoni ukku a Afirka ta Kudu aka kafa su: Microsoft a 2019, Amazon a 2020, Google a 2024.

A kan wannan mangaza ake ɗora manhajojin karanta lissafi. Aikinsu shi ne su kwashi dubban faktir da takardun shigar kaya da fitarsu, su mayar da su zane a allo guda: wane kaya ke tafiya, wane ya kwanta, wane gari ya rage saye, wane ne ke jinkirin biyan bashi. Sanannu daga cikinsu akwai Power BI na Microsoft wanda ya fito a 2015, da QuickSight na Amazon, da Tableau wanda kamfanin Salesforce ya saye a 2019 a kan dalar Amurka miliyar 15.7, da Looker wanda Google ya kammala sayensa a 2020 a kan miliyar 2.6. Ku dubi waɗannan kuɗi da kyau. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masu zuba irin wannan dukiya sun gane cewa sanin lissafi shi kansa haja ne.

To mene ne sabo? Abu ukku ne.

Na farko, tambaya da bakin mutum. A da, kafin mai kamfani ya samu amsa daga na'ura sai ya nemi ƙwararre ya rubuta mata umarni, wani lokaci a kwana biyu ana jira. A 2023 Microsoft ya shigar da mataimakinsa mai suna Copilot cikin Power BI, a 2024 Amazon ya yi haka da nasa mai suna Amazon Q. Dukansu suna aiki da abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Mutum zai rubuta cewa, wane kaya ne cinikinsa ya ragu a watan jiya, kuma a wane gari? Kafin ya kurɓi shayi amsa ta fito, da zane da taƙaitaccen bayani.

Na biyu, na'urar ta daina jira a tambaye ta. A 2024 Tableau ya fito da wani sashe mai suna Pulse, wanda ke sa ido a kan alƙaluman da mutum ya zaɓa, ya aiko masa da saƙo a salula idan wani abu ya tashi ko ya faɗi fiye da yadda aka saba, har ya nuna inda canjin ya fi yawa.

Na ukku, haɗa komai a rumbu ɗaya. A watan Nuwamba 2023 Microsoft ya buɗe wani tsari mai suna Fabric, inda lissafin saye da sayarwa da na mangaza da na sufuri da na bashi ke zama wuri guda, maimakon kowane yana ɗakinsa.

Yanzu mu dawo gida. Ku ɗauki babban mai shigo da shinkafa da mai da sukari, wanda ke ba masu shaguna kaya a Tasawa da Dakoro da Gidan Rumji da Madarumfa. Idan yana da irin wannan allo, ya san wadda ke ɗaukar katan 10 duk mako da wadda ta koma katan 6, ya san wanda ba ya wuce ranar biya da wanda kullum sai an bi shi. Ke Hajiya da kika zo neman ragi, ya riga ya san nauyinki kafin ki zauna, ke kuwa abin da kika sani shi ne abin da ke cikin kanki da bakin zanenki. Haka nan duk lokacin da aka aika kuɗi ta Nita ko Amana ko Airtel Money, akwai rubutu da ke zama: nawa, yaushe, daga ina zuwa ina. Ma'aikatar haraji ma ta shigo da tsarin faktir ta na'ura a farkon shekarun 2020, inda bayanin cinikin kamfanonin da abin ya shafa ke isa gare ta kai tsaye. A ƙasar Kenya kuwa, tun 2012 akwai tsarin M-Shwari da ke ba mutum ƙaramin bashi ta salula, kuma yadda ya saba amfani da layinsa da asusun kuɗinsa na waya shi ke nuna nawa za a ba shi. Ke nan cinikinmu ana rubuta shi, ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. Tambayar ita ce, a hannun wa rubutun yake?

Kada wani ya ce wannan zance ne kawai. A ƙasarmu aka gwada ƙarfin labari a kasuwa. Wata masaniyar tattalin arziki ta Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar a lokacin da salula ke shiga garuruwa tsakanin 2001 da 2006. Binciken da ta wallafa a 2010 ya nuna cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 inda rezo ya isa. Dattawan kasuwa sun tuna yadda ake ɗaukar mota a je a gano kuɗin buhu a wani gari, yau kira ɗaya ya wadatar. Alherin salula shi ne ta shiga hannun babba da ƙarami. Wannan sabon abu kuwa a hannun manya ya fara sauka, kuma nan ne damuwata take.

Shin sai kowa ya ruga ya sayi manhaja? A'a, kuma ina da dalilai.

Akwai tsada. Tun watan Afrilu 2025 Microsoft ya ƙara kuɗin Power BI Pro daga dalar Amurka 10 zuwa 14 a wata ga mutum ɗaya, wajen jikka 8 ke nan, kusan jikka 100 a shekara, kuma mataimakin mai amsa tambaya sai kamfani ya kama wata hayar daban. Mai ribar dala biyar ko goma a kan tiya ba ta da abin yi da wannan.

Akwai harshe. Da Ingilishi aka gina su, shi suka fi ji, sauran manyan harsuna na biye, Hausa tana can baya. Ga shi a ƙasar nan manyan da ke karatu da rubutun boko ba su kai rabi ba.

Akwai wuta da rezo. Mun ga yadda aka zauna cikin duhu lokacin da Najeriya ta yanke kuran a watan Agusta 2023. Mun ga ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahalar intanet. Wanda littafin bashinsa ke girgije kaɗai, ranar sai ya riƙe baki.

Sannan na'ura abin da aka zuba mata shi take niƙawa. In aka ba ta lissafin ƙarya, za ta mayar da shi ƙarya mai kyan zane. Su kansu kamfanonin suna gargaɗin cewa mataimakan nan na iya kuskure, a dinga dubawa. Hasashenta kuma daga abin da ya wuce take ciro shi. Wace na'ura ce ta gaya wa ƴan kasuwar Maraɗi cewa Najeriya za ta rufe iyaka a watan Agusta 2019, ta bar ta a rufe har Disamba 2020? Wace ce ta hango cewa bayan Yuli 2023 kayan da suka saba bin Kwatano za su koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso? A irin wannan rana, kunnen dillali da tsohon sanin Alhaji sun fi allo amfani.

Sabili da haka shawarata ba ta sayen komai ba ce. Abu huɗu nake kira a yi.

Na ɗaya, mu rubuta. Kaye da bik sun isa. Kowace rana: me na saya, nawa, me na sayar, wa ya ci bashi, me na cire na kai gida. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗiyarta ƴar makaranta ta zauna da ita minti 10 da dare. Bayan wata ukku za ta ga abin mamaki: sau da yawa kayan da ya fi jawo mutane ba shi ne ya fi kawo riba ba, kuma kuɗin cefane da biki da ake zara kaɗan-kaɗan su ne ke cinye uwar kuɗi. Duk abin da manhajar miliyoyi ke yi, daga wannan kaye ya samo asali. Ko gobe ta yi araha ta koyi Hausa, wanda ba shi da rubutu ba shi da abin da zai tambaye ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, mu haɗa. Lissafin mutum ɗaya ƙarami ne, na mutum 200 kuwa kasuwa ce. Ƙungiyar masu albasa ta Ƙonni ko Madawa, in tana rubuta kuɗin buhu duk ranar kasuwa, da yawan motocin da suka yi lodi, da abin da ya ruɓe a rudu, cikin shekara ukku za ta iya faɗa wa manomi da alƙaluma ko ajiya daga lokacin girbi zuwa ƙarshen shekara tana biyan asarar ruɓewa, ta kuma zauna da masu saye daga Gana da Kwaddibuwa da hujja a hannu. A nan ne haya ɗaya da matashi ɗaya mai kwamfuta za su yi wa mutum ɗaruruwa aiki, kowa ya ba da abin da bai taka kara ya karya ba. Mata ba baƙi ba ne a wannan. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 ya nuna cewa mata suna iya riƙe asusu, su ba da bashi, su karɓa, su raba riba ba tare da banki ba, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na ukku, mu nemi haƙƙinmu wurin magabata. Fiye da shekara 30 ke nan hukumar SIMA tana tattara farashin cimaka a kasuwannin ƙasar nan, akwai takwararta ta bisashe, ga kuma RECA ta manoma da ke yaɗa labarai. Wannan dukiya ce ta jama'a. Bai kamata ta tsaya a takardun Faransanci da ma'aikata da ƙungiyoyin waje ke karantawa ba. Dubarar tambaya da baki ta samu, abin da ya rage shi ne a sa ta ji Hausa da Zabarmanci, mace ta aika saƙon murya ta ce nawa tiyar wake a Tawa wannan mako, nawa take bara war haka, a ba ta amsa da murya. Ɗaliban jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa suna neman aikin yi, ga aiki nan. Shugabannin ƴan kasuwa su sa wannan cikin buƙatunsu, kusa da maganar haraji da ta kuɗin hanya.

Na huɗu, mu yi hattara da abin da muke bayarwa. Idan wani ya zo da manhaja ya ce kyauta ce ku rubuta cinikinku a ciki, ku tambaye shi: ina bayanan ke zuwa, wa zai gan su, in na daina zan iya kwashe nawa? Sunayen masu cin bashinka da lambobinsu amana ce. Ƙasarmu tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sake ta a 2022, akwai kuma hukuma mai suna HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki. Kuma ko me aka shigar a waya, a bar kwafinsa a kaye.

Wani zai ce iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja ba su san kwamfuta ba. Gaskiya ne. Amma madugu bai taɓa tashi da ayari ba sai ya san kuɗin goro a can da kuɗin kanwa a nan, kuma wanda ya fi labari shi ya fi riba. Abin da ya canza shi ne yau labarin a rubuce yake, kuma masu ƙarfi sun samu mai karanta musu shi cikin ƙiftawar ido. Mu ma mu riƙe namu, tun daga kayen dala ashirin har zuwa allon ƙungiya, domin in an zauna ciniki mu ma a ji ta bakinmu.

Allah ya kawo kasuwa mai albarka.