Gidan Waya Ba Kango Ba Ne

Tun da shugaban ƙaramar hukumarmu ya ce tsohon gidan wayar garinmu kango ne da ya tare fili, kowa ya kama waƙar. Wai a rushe a jera shaguna, tunda kowa na da salula a aljihu. Wasu har da ƙarin gishiri: ginin Bature ne, ba gadonmu ba.

Bature ya gina, na ji. Amma wa ya raya shi? Ta ƴar tagar nan mai ƙarafa wasiƙun sojojin da aka kai yaƙin Bama suka iso hannun iyayensu. Ta nan labarin ɗan'uwan da ya zauna zangon Kumasi yake zuwa, da na wanda ya kama hanyar Makka a ƙasa ya yada zango a Sudan. Ta nan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, take sauka, a taru a gindin bishiya mai boko ya karanta wa jama'a. Da aka buɗe Sashen Hausa na BBC a 1957, ta nan ɗan ƙauye ya riƙa aika gaisuwa har Landan ya ji an kira sunansa.

Ina yaro na sha ganin marubucin wasiƙa a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar, da ɗan teburinsa. Tsohuwa ta durƙusa gefensa tana faɗa masa abin da zai rubuta wa ɗanta na Ikko, ta rage murya idan ta zo kan maganar kuɗi. Ta kwance bakin zani ta biya, ya lashi kan sarki ya manna. Sikelin tagulla da ake auna wasiƙun yana nan a ciki har yau, da jerin ƙananan akwatuna masu lamba, tsatsa na cin su.

Ko kalmar nan "waya" da kuke kiran salularku da ita, daga ina ta fito? Daga wayar tangarahun da ke shiga wannan gida. Kun ci sunan, kuna neman rushe gidan.

Masu cewa gyara na cin kuɗi, su bar wannan maganar. Kwano nawa ne rufin ɗaki uku? Tun da aka raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangarahu ta P&T a 1985 aka fitar da NIPOST da NITEL, gidajen waya na karkara suka zama marayu, sannan yau a ce laifin ginin ne da ya tsufa.

Kuma ciwon shaguna ba yau ya kama mu ba. Shi ne ya cinye ganuwar Kano, muna kallo ana yanka ta fuloti-fuloti. Zungeru, wadda ta yi hedikwatar Arewa kafin Kaduna, je ka ga abin da ya saura na gine-ginenta. Duk inda tsohon bango yake, idonmu kuɗin haya kawai yake gani.

Ranka ya daɗe, shago ana gina shi ko'ina, bayan tasha ma akwai fili. Gidan waya ɗaya garin nan ya taɓa yi. A gyara rufin, a zuba littattafai, a tara tsofaffin wasiƙun da ke cikin adakar kakanninmu a ajiye a ciki, yara su zo su ga rubutun hannun mutanensu.