Kulki Rabin Horon Gandiroba Ne



A shekarar 2019 doka ta sauya sunan gidajen yarin Najeriya zuwa gidajen gyaran hali. Sauya suna ba wuya. Aikin yana ga horon da ake ba gandiroba, tunda shi ke kwana ya tashi da fursuna.

A ganina, koya masa kokawa da riƙon kulki rabin horo ne. Dole ya iya kare kansa, domin mutum ne mai iyali, kuma wata rana zai gamu da wanda ya fi shi ƙarfi. Cikon horon shi ne ya san lokacin sa hannu da lokacin janye shi.

Ƙa'idojin Nelson Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun fayyace wannan. Ƙa'ida ta 82 ta yarda a yi amfani da ƙarfi a wuri uku kaɗai: kare kai, hana fursuna gudu, da bijire wa halastaccen umarni. Ko a nan ma sai gwargwadon buƙata, kuma a sanar da shugaban gidan nan take. Da zarar an sa wa mutum ankwa ya natsu, duk marin da ya biyo baya zalunci ne, kuma Najeriya tana da dokar hana azabtarwa tun 2017.

Mu kuwa a labaranmu gandiroba kullum mugu ne mai duka, har mai karatu ya ɗauka aikin ke nan. Mu rubuta wanda ya kashe wutar tarzoma da harshensa, don jama'a su san abin da ya kamata su nema daga hukuma.

Allah Ya sa mu dace.