INA AMFANIN FALO MAI KYAU DA MADAFA MAI HAYAƘI?

Duk wanda ya shiga gidajen 'yan Arewa mazauna Kurmi, ko a Agege da Idi Araba cikin Ikko, ko a Sabo ta Badun da ta Shagamu, zai tarar da abu guda. Falo ya sha fenti da kujeru da fanka da talabijin, amma madafa tana can ƙuryar baya daf da makewayi, a ƙuntace, bango ya yi baƙi ƙirin, tagarta kuwa ba ta fi faifai ba. A nan uwargida take wuni, sau da yawa da goyo a bayanta. Maigidan da ya samu 'yan kuɗin gyaran gida, a nan ya kamata ya fara sa su.

Dalili na farko shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida, watau na itace da gawayi da kananzir, ya yi sanadin mutuwar mutane wajen miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara fiye da 237,000 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa, domin su ne a bakin murhu.

Dalili na biyu shi ne zumuncin iyali. A gida Arewa girki a tsakar gida ake yinsa. Uwa tana tuƙa tuwo, 'yarta tana jajjage, tsohuwa tana kan tabarma tana tsintar shinkafa, yara suna kai da kawowa ana ji da su. A nan yarinya take koyon kaɗa miya ba tare da an zaunar da ita an ce yau za a koya mata ba. Ginin Kurmi ba shi da wannan fili, ga kuma ruwan sama na wata da watanni. Saboda haka uwa tana can ita kaɗai, yara suna gaban talabijin, ko kuwa suna titi.

Turawa sun riga sun ɗanɗana wannan. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus wata 'yar madafa mai faɗin ƙasa da mita 2 da tsawon mita 3 da 'yan kai, wadda mutum ɗaya za ta ɗauka. Aka yi ta kwaikwayonta a ƙasashe da dama. Daga baya sai ga jikokinsu suna rushe bango suna haɗa madafa da wurin zama, domin mai girki ta daina zaman kaɗaici.

Amma fa kada a ce za a kwafo nasu dungurungum. Bahaushe yana da baƙi maza waɗanda ba su ratsa wurin iyali, kuma hayaƙin manja da ƙaurin barkono da daddawa ba abokan zaman labule da kujerun falo ba ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a faɗaɗa madafa ta wajen baya. A buɗe ƙofa mai faɗi, a yi rumfar kwano a dama ta da siminti, a gina dakali, a bar wurin shimfiɗa tabarma da wurin turmi. A fasa tagogi biyu masu kallon juna domin iska ta ratsa. Kanta kuwa a yi ta kankare da tayil, don katakon da ake matsawa da garin itace kumbura yake yi a danshin Kurmi. A gyara kwatami ruwa ya riƙa wucewa, sa'an nan a ajiye tukunyar gas a waje cikin inuwa. Gas ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa, don haka ana bukatar kafar iska a ƙasan bango.

Sai dai a yi hattara kada a yi gyaran gangar Abzinawa. Wani bangon shi yake ɗauke da rufi ko bene, ba a taɓa shi sai injiniya ya duba, ko da birkila ya rantse ba kome. A Jihar Ikko doka ta ce sai an nemi izinin hukumar tsara gine-gine kafin a yi ƙari a gini. Mai haya kuwa kada ya aza bulo ko ɗaya sai ya samu yardar mai gidan a rubuce, da bayanin yadda za a cire kuɗin daga haya. In madafar ta haɗaka ce, magidanta suna iya yin karo-karo su fasa taga su yi rumfa.

Daga ƙarshe, kafin a kira magini a fara tambayar uwargida. Ita ta san inda hayaƙi yake taruwa, da inda ruwa yake kwanciya, da tsawon kantar da ba za ta sa ta ciwon baya ba. Allah Ya hore abin yi.