Farin Ƙuda da Israfin Feshi

Duk wanda ya taɓa ɗaga ganyen tumatir a rumfar leda, ya ga farin ƙuda ya tashi kamar an watsa gari, ya kuma ga baƙin danƙon da ke bin kashinsa mai zaƙi, ba zai zargi manomi ba in ya ruga ya goyo famfon feshi. Sai dai mas'alar da ta cancanci tadabburi ita ce, yawan feshin nan shi ne sababin da ke hana magani ci. Domin kuwa a cikin ɗumin rumfa, inda babu ruwan sama mai kakkaɓe ƙwari, wannan halitta takan kai daga ƙwai zuwa balaga cikin mako uku ko huɗu, kuma kowane feshi raunana yake kashewa, ya bar 'yan ƙalilan masu juriya su hayayyafa, har a wayi gari zuriyarsu ta gaje rumfar.

Hujjarmu tana Almeriya ta ƙasar Sifen, inda leda ta lulluɓe wajen hekta 30,000. Maganin imidacloprid ya shigo kasuwa a 1991, amma kafin shekara goma ta cika masana suka tabbatar farin ƙudan can ya bijire masa. Manoma suka yi ta ƙara awo suna gauraye-gauraye, wasu har suka miƙa hannu ga abin da hukuma ta haramta, sai da aka gano ragowarsa a tattasansu a Jamus a ƙarshen 2006, ciniki ya girgiza, sannan suka koma sakin ƙwarin da ke cin ƙwari. Abin takaici, wannan ilmi ba sabo ba ne, gama tun 1926 aka san wani ɗan mitsitsin zanzaro a Ingila, Encarsia formosa, wanda ke saka ƙwansa a jikin 'ya'yan farin ƙuda har su yi baƙi su mutu, amma aka yi watsi da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da maganin ƙwari na DDT ya zo.

Yanzu da rumfunan leda suka fara bayyana a ƙasarmu, a ganina wajibi ne malaman gona su riga mai shagon magani isa wurin manomi, domin mai shagon sau da yawa yakan sauya wa mutum kwalba da suna alhali sinadarin ɗaya ne. Su koya wa manomin duba sinadarin da ke rubuce a jikin kwalba, da sauya dangin magani, da rataya tarkon danƙo mai ruwan ɗorawa, ta yadda ba zai yi feshi ba sai tarkon ya nuna ƙudan ya yawaita.